Darasin Kimiyya: Tankin Murjani Idan Mai Shi Ya Yi Tafiya

A ƙasashe irin su Jamus, Ingila, Amurka da Japan, akwai mutane da yawa da ke kiwon halittun teku a falon gidajensu. Ba kifi kawai suke ajiyewa ba. Akwai murjani mai rai, akwai jatan lande, akwai dodon koɗi na teku, duk a cikin tankin gilashi cike da ruwan gishiri. Mai irin wannan kiwo yana da damuwar da ke taso masa duk sa'ad da tafiya ta kama shi: yaya zai bar tankin mako biyu ko uku, ya dawo ya tarar da komai da rai? Wannan tambaya ce darasinmu na yau zai warware. Na zaɓe ta ne domin amsarta ta ratsa ilimin halittu da na sinadarai da na zafi da lantarki, kuma duk ana iya ganinsu suna aiki tare a cikin akwati guda.

Mene ne murjani?

Mu fara daga tushe. Wasu sun ɗauka murjani dutse ne, wasu kuma su ce tsiro ne. Dabba ne. Abin da ido ke gani kamar reshe ko dunƙule taro ne na ɗaruruwa ko dubban ƙananan halittu da ke manne da juna, kowace ɗaya masana na kiranta folif. Jikin folif yana da taushi, bakinsa ɗaya ne a sama, kewaye da 'yan siraran hannuwa masu harbi waɗanda yake kama abinci da su. A ƙarƙashinsa yana gina wa kansa mazauni mai tauri da sinadarin kalsiyam kabonet, wato sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Idan folif ya mutu mazauninsa yana nan, na baya su ɗora nasu a kai. Da haka, cikin dubban shekaru, ake samun tudun murjani a ƙarƙashin teku. Mafi girmansu yana gaɓar arewa maso gabashin Ostareliya, tsawonsa kusan kilomita 2,300. Wanda alhazanmu suka fi kusanta kuwa shi ne na Bahar Maliya, a gaɓar Jidda da ta Sudan, inda a 2016 hukumar UNESCO ta sanya yankin Sanganeb cikin wuraren gadon duniya.

A cikin naman folif akwai wasu mazauna: ƙwayoyin gansakuka ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Ana kiransu zuzantele. Kamar kowane koren tsiro, suna amfani da haske su haɗa abinci daga ruwa da iskar kabon dayoksaid, su fitar da iskar oksijin. Mafi yawan abincin da suka haɗa folif ne ke amfana da shi, shi kuma ya ba su mafaka da sinadaran da jikinsa ke zubarwa. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kuma da shi murjanin da ke gina tudu yake rayuwa. To amma zaman yana da rauni. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da kimanin digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, folif yana korar waɗannan ƙwayoyi. Launinsa ya tafi, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin naman, abinci ya yanke. Wannan shi ne farewar murjani, wadda ta yi mummunar ɓarna a tekunan duniya a 1998, ta sake afka wa tudun Ostareliya a 2016 da 2017.

Bambancin teku da tanki

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo. Masu kiwon murjani suna riƙe zafin tankinsu tsakanin digiri 24 da 27 na ma'aunin Salsiyas. Akwai kuma ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kanwar ruwa: yana tafiya daga 0 zuwa 14, lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa-kanwa. Ruwan teku yana wajen 8.1.

Waɗannan lambobi suna da muhimmanci, amma akwai abin da ya fi su, kuma ina so ɗalibi ya riƙe shi tun daga nan. Teku tana da girman da ya sa ba ta sauyawa da sauri, kuma a cikin wannan natsuwa murjani ya saba. Tankin falo kuwa galibi bai wuce lita 200 ko 300 ba, kimanin durom ɗaya ko ɗaya da rabi. Ruwa kaɗan haka yana iya sauyawa cikin yini guda. Galibi abin da ke kashe murjani saurin sauyin ne, ba lambar da ta ɗan kauce ba. Ga hujja: gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40, murjaninta kuma yana nan lafiya, domin a haka ya tashi. Wanda ya saba da 35, idan aka jefa shi cikin 40 dare ɗaya, zai jigata.

Duk aikin da teku ke yi da kanta, a tanki na'ura ce ke yin sa. Famfon lantarki yana maye gurbin igiyar ruwa, fitila tana maye gurbin rana, hita da na'urar sanyaya ruwa suna riƙe zafi. A kan dukkansu akwai idon mai tankin, wanda kullum yana wucewa ya lura ruwa ya ragu, ko ƙarar famfo ta sauya. Idan ya yi tafiya, na'urorin suna nan, idon ne babu. Saboda haka kafin ya fita sai ya tsaya gaban kowace na'ura ya yi mata tambaya biyu. Idan ta mutu, awa nawa ya rage kafin ɓarna ta fara? Idan kuma ta ƙi mutuwa, ta ci gaba da aiki bayan ya kamata ta tsaya, me zai faru? Tambaya ta biyun ita aka fi mantawa, kuma ita ce ta fi cin dukiya. Za mu bi haɗurran bisa saurinsu, daga wanda ke kisa cikin sa'o'i zuwa wanda ke ɗaukar makonni.

Numfashi

Kifi ba ya shaƙar ruwa. Oksijin da ya narke a cikin ruwa yake tsotsa ta gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa. Wannan oksijin kaɗan ne ƙwarai. A digiri 25, lita ɗaya ta ruwan daɗi tana riƙe kimanin miligiram 8, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba, domin gishiri yana rage wa ruwa ikon riƙe iska. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kusan ninki 40 na wannan. Ke nan halittun tanki kullum a kan ɗan guzuri suke, wanda dole a riƙa sabunta shi ba tsayawa.

Ta ina oksijin ke shiga? Ta saman ruwa, inda ruwa da iska suka haɗu. Idan saman yana motsi, ruwan ƙasa yana hawa ya ɗauki iska, na sama ya sauka da ita. Idan ya kwanta lum, siririn saman ne kawai ke samu, ƙasa ta shaƙe. Masu cin oksijin kuma ba kifi kaɗai ba ne. Murjani yana ci, miliyoyin ƙwayoyin bakteriya da ke cikin duwatsu da yashin tankin suna ci, har su zuzantele, da zarar haske ya ɗauke sun daina samarwa, sun koma cikin masu ci. Shi ya sa ɗaukewar wuta ta fi komai haɗari: famfo ya tsaya, fitila ta mutu, masu ci suka ƙaru, mai kawowa babu. A tankin da ke da kifi da yawa, 'yan sa'o'i sun isa a ga kifaye sun taso sama suna haki.

Maganinsa batir ne, amma sai da lissafi. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. Idan irin na dalma ne, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, sai a ƙirga 600. Ƙaramin famfo mai cin wat 10 zai yi awa 60 a kansa. Hita mai cin wat 300 kuwa cikin awa 2 za ta cinye shi. Darasin lissafin a fili yake: abin da ake ɗora wa batir shi ne famfo ɗaya mai girgiza saman ruwa, ko ɗan injin hura kumfa wanda ke tashi da kansa idan wuta ta ɗauke. Sauran na'urori su jira. A Turai wannan tanadi ne na ko-ta-kwana; wanda ke irin wannan kiwo a Abuja ko Kano, inda ɗaukewar wuta abin yau da kullum ne, ba shi da zaɓi sai inbata da sola masu ɗaukar tankin ba tare da wani ya tayar da janareta ba. Idan mitar kati ce a gidan, ya loda mata abin da zai wuce kwanakin tafiyar.

Akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba. Yawancin tankunan murjani suna da ƙaramin tanki na biyu a ƙasa, cikin kabad, inda ake ɓoye hita da matata. Ruwa yana gangarowa daga sama zuwa cikinsa, famfo ya mayar da shi. Idan wuta ta ɗauke, ruwan da ke cikin bututu da wani ɓangare na saman babban tankin duk yana sauka ƙasa. Sai mai tanki ya kashe wutar da hannunsa, ya tsaya ya ga ko na ƙasan zai ɗauke ruwan ba tare da ya malala ba, sannan ya kunna ya tabbatar kowane famfo ya tashi da kansa. Famfon da ƙasa-ƙasa ta taru a cikinsa yakan yi ta aiki muddin yana juyawa, amma in ya tsaya sau ɗaya ya ƙi tashi. Yana da kyau kuma a raba famfunan kan layin wuta biyu, don kada fiyus ɗaya ya kashe su gaba ɗaya.

Zafi

Ruwa yana da wata ɗabi'a mai amfani: yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa. Kafin kilo ɗaya na ruwan teku ya ƙaru da digiri 1, sai ya sha kimanin jul 4,000 na makamashi. Tanki mai lita 200 yana buƙatar jul 800,000 ke nan. Wat ɗaya yana nufin jul ɗaya a kowace daƙiƙa, don haka hita mai wat 300 za ta ɗaga zafin tankin da digiri 1 cikin kimanin minti 45, idan muka ajiye zafin da ke fita ta gilashi a gefe.

A cikin kowace hita akwai ɗan makunni da ke kashe ta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Wannan makunni yakan tsufa ya manne, hita ta ci gaba da dafa ruwa. Da lissafin da muka yi, kafin gari ya waye tankin ya haura digiri 30 da nisa. Zafi kuma yana cutarwa ta fuska biyu a lokaci guda: yana rage oksijin da ruwa ke iya riƙewa, yana kuma hanzarta aikin jikin halittu, su ƙara buƙatarsa. Sanyi ya fi sauƙi. Tankin da ya sauka a hankali zuwa digiri 22 na kwana ɗaya ko biyu galibi yana farfaɗowa. Wanda ya hau 33 da wuya. Saboda haka gogaggun masu kiwo suna sa ƙananan hita biyu maimakon babba ɗaya, ta yadda idan ɗaya ta manne ƙarfinta bai isa ya yi kisa da wuri ba, idan kuma ta mutu ɗayar ta riƙe. Sannan su jona su a wata na'urar auna zafi ta daban wadda ke yanke musu wuta. Wannan tsari, a ganina, shi ne abin koyi ga duk sauran: a tsara na'ura yadda lalacewarta za ta zama ƙarama.

A ƙasashe masu zafi matsalar ta juya. A watan Afrilu zafin Kano ko Yamai yana haura digiri 40, ga gida a kulle, ga famfuna da fitilu suna ƙara wa ruwa ɗumi. Nan ana buƙatar na'urar sanyaya ruwa, ko a bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa ma tana taimakawa fiye da yadda ake zato. Duk lita ɗaya da ta tashi tururi tana tafiya da kimanin jul miliyan 2.4, abin da ya isa ya sauke tankinmu mai lita 200 da digiri 3. Sai dai fanka tana biyan wannan sanyi da ruwan tankin, wanda ya kai mu ga haɗari na gaba.

Gishiri

Wanda ya san yadda ake samun gishirin Bilma ya riga ya fahimci wannan sashe. Ruwa mai gishiri yana kwance a ramuka, rana ta ɗauke ruwan, gishirin ya rage. Haka tanki yake yi a hankali: ruwa ne kawai ke tashi tururi, gishiri ba ya bin sa.

Mu lissafa. Tanki mai lita 200 yana da gishiri kimanin giram 7,000. A ce yana rasa lita 2 kowace rana. Bayan kwana 14 ya rasa lita 28, saura 172. Raba 7,000 da 172, za ka samu kusan 41. Gishirin ya tashi daga 35 zuwa 41 ba tare da kowa ya ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Tun kafin a kai nan ma, ruwan tankin ƙasa zai ja har famfon da ke mayar da ruwa sama ya fara zuƙar iska, ya yi zafi, ya ƙone.

Me ya sa yawan gishiri ke cutarwa? Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da siririn tantani wanda ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, gishiri kuwa da ƙyar. Dokar ita ce ruwa yana ratsawa daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Jinin kifin teku gishirinsa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na ruwan teku, don haka kullum jikinsa yana asarar ruwa. Yana ramawa ta hanyar shan ruwan tekun, ya fitar da gishirin ta gaɓoɓin numfashinsa, aikin da ke cin ƙarfi amma yana ba shi ɗan juriya. Murjani da jatan lande da tauraron teku ba su da cikakkiyar irin wannan kariya. Ruwan jikinsu yana bin na waje. Idan na waje ya yi gishiri da yawa ƙwayoyinsu su tsotse, idan ya salance farat ɗaya su kumbura.

Saboda haka abin da ake cike gurbin tururi da shi ruwan daɗi ne, ba ruwan gishiri ba. Kuma ba ruwan famfo ko na rijiya kai tsaye ba, domin yana iya ɗauke da kilorin, ko fosfet da ke haifar da gansakuka, ko jan ƙarfe daga bututu, wanda ɗan kaɗan ɗinsa guba ne ga murjani da jatan lande. Tataccen ruwa ake amfani da shi, wanda aka matsa ta cikin matata mai tantani har ya rabu da kusan duk abin da ya narke a cikinsa.

Na'urar da ke wannan aiki mai sauƙi ce: bokiti na tataccen ruwa, ɗan famfo, da makunni mai iyo a tankin ƙasa. Ruwa ya ja, makunnin ya sauka, famfo ya tashi. Ruwa ya cika, makunnin ya ɗago, famfo ya tsaya. Yanzu mu yi mata tambaya ta biyu. Idan dodon koɗi ya hau makunnin ya danne shi, ko gishiri ya daskare a jikinsa, famfo ba zai tsaya ba. Idan bokitin lita 30 ne, duka za su shige: 7,000 a raba da 230 ya ba da wajen 30. Girgiza ce babba, amma tana da iyaka. Idan kuwa an jona na'urar kai tsaye da layin ruwan gida, ba iyaka. Tankin zai koma ruwan daɗi, falo ya zama tafki. Don haka bokitin ya zama daidai buƙatar tafiyar da ɗan rara, a sa makunni na biyu sama da na farko, a kuma ɗaure bakin tiyo sama da ruwan bokitin, domin idan ya fi shi ƙasa ruwa zai ci gaba da zuƙowa ko famfo ya mutu. Yadda ake sanin girman bokiti shi ne a auna ruwan da tankin ke sha na mako guda kafin tafiya. A tuna cewa busasshiyar iskar hunturu da fanka da na'urar sanyaya ɗaki duk suna ƙara shan.

Abinci da abin da yake komawa

Abin da mai tanki ya fi jin tsoro shi ne yunwa, alhali ita ce mafi ƙarancin haɗari. Kifi ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa kamar mu, shi ya sa lafiyayyen babban kifi yake iya yin kwanaki ba a ba shi komai ba, musamman a tsohon tanki inda zai yi ta tsintar gansakuka da ƙananan halittu a jikin duwatsu. Akwai waɗanda ba su jure haka, irin su dokin teku da kifayen antiyas masu cin abinci sau da yawa a yini. Mai su dole ya tanadi mai ciyarwa.

Haɗarin gaske yana wajen yawan abinci. Duk abin da kifi ya ci, da wanda ya bari ya ruɓe, yana komawa amoniya, wadda guba ce mai ƙona gaɓoɓin numfashi. Gubarta ta fi tsanani a ruwa mai kanwa-kanwa, ruwan teku kuma haka yake. Abin da ke ceton tanki wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a duwatsu: wani rukuni yana mayar da amoniya naitirait, wani ya mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi a 1890. Abin lura game da su shi ne suna hayayyafa a hankali, kuma yawansu daidai yake da abincin da aka saba zubawa. Idan wani mai tausayi ya juye abincin mako guda a rana ɗaya, ba za su iya da shi ba. Amoniya ta hau, wasu bakteriya masu cin ruɓa su yi yawa har ruwa ya yi fari-fari, su shanye oksijin. Kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse, gawarsa ta ƙara amoniya, na biyu ya bi shi.

Don haka a auna abincin kowace rana a ƙulle shi daban, a rubuta ranar a jiki, a ɓoye gwangwanin. Idan na'urar zuba abinci za a yi amfani da ita, a saita ta ƙasa da abin da aka saba, a ɗora ta inda danshi ba zai dunƙule abincin ba. Haka na'urar kumfa, wadda ke hura ƙananan kumfa a ruwa datti ya manne musu ya taru a kofi: a ɗan rage mata ƙarfi, domin takan haukace ta cika kofin, ta yi ta zubar da ruwan tanki a ƙasa, na'urar cike gurbi kuma ta yi ta maye shi da ruwan daɗi.

Kayan ginin murjani

Murjani mai ƙashi yana ɗibar kalsiyam da kabonet daga ruwa kullum. Kalsiyam yana da yawa, sama da miligiram 400 a lita, ba ya saurin ƙarewa. Kabonet ne ke raguwa da wuri, kuma shi ne ke hana pH tsalle-tsalle. Murjani masu rassa irin su Acropora ba sa son ko ɗan sauyi a nan, shi ya sa ake sa musu famfon ɗigo mai zuba sinadarin kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar bokiti tana aiki a nan ma: kada a cika kwalbar fiye da buƙatar tafiyar, domin wasu daga cikin ruwan, kamar ruwan farar ƙasa, pH ɗinsu ya haura 12. Tankin da murjaninsa masu taushi ne zai iya yin mako biyu ba wannan. Fitila kuwa agogon kunnawa da kashewa ya ishe ta.

Mutumin da za a bar wa amana

Kyamara da na'urorin da ke aiko saƙo ta waya suna da amfani, amma gani kawai suke bayarwa, ba su da hannu, kuma su ma da wuta da intanet suke aiki. Shirunsu ma saƙo ne. Dole a sami mutum mai leƙowa kullum ko bayan kwana biyu, a kuma nuna masa komai a gaban tankin tun kafin ranar tafiya. A liƙa alama a gilashi inda ruwa ya kamata ya tsaya, a rubuta sunan kowace na'ura a jikin fulogi, a ajiye durom na ruwan gishiri da aka riga aka haɗa. Takardar da za a bar masa ta zama gajera. Idan maƙwabci ne, ga irin abin da ya isa: "Malam, don Allah ku duba ko ruwa yana motsi, ku duba ma'aunin zafi, ku zuba ƙulli ɗaya kawai ko da kun ga suna bin ku. In kun ga wani ya mutu ku cire shi. In wani abu ya ba ku shakka, ku kira ni kafin ku taɓa."

Abu ɗaya da za a ja layi a ƙarƙashinsa shi ne maganin sauro. Fiya-fiya da maganin feshi na gwangwani guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande, kuma na'urar kumfa iskar ɗakin take zuƙa ta cusa cikin ruwa. Mai gyaran gida da ya yi feshi ya rufe ƙofa da kyakkyawar niyya yana iya hallaka tankin shekara biyar. Hannu mai sabulu ko man shafawa ma kada ya shiga ruwan.

Kafin fita da bayan dawowa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gyara a daren tafiya. Sabuwar na'ura a kwanakinta na farko take nuna aibinta, sabon kifi kuma a makonninsa na farko yake fito da cutar da ya zo da ita. A daina kawo sabon abu mako biyu kafin tafiya. Canjin ruwa da wanke famfuna a yi su saura kwana huɗu ko biyar, don idan an bar wani bututu a kwance a gani. A rufe bakin famfuna da raga saboda halittu masu yawo, a rufe saman tanki da raga saboda kifi masu tsalle. Sannan mai tanki ya yi sauran kwanakin kamar ba ya nan: ya bar na'urori su yi aikinsu, shi nasa kallo da rubutawa.

Idan ya dawo, awo ne farko, gyara daga baya. Ya auna zafi, gishiri, amoniya da kabonet. Idan gishiri ya hau zuwa 39, kada ya mayar da shi 35 a yammacin nan, domin halittun sun bi hawan a hankali. Ya sauke shi da kimanin lamba ɗaya kowace rana. Kada ya rama wa kifi abincin da suka rasa. Murjanin da ya yi fari ba lallai ya mutu ba: idan har da nama a jikinsa, a rage masa haske, a bar ruwa ya natsu, launinsa na iya dawowa cikin makonni ko watanni. Amoniya ce kaɗai ba a yi mata jinkiri. Idan awo ya nuna ta, a nemo abin da ya mutu a cire, a canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da sabo wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tankin, a sake aunawa washegari, a maimaita har ta koma sifiri.